Masu Tsarki a Saman Shagon Katako

Ranar Asabar ɗin da ta wuce wani daga cikinku ya tare ni a bakin ƙofa, laftop a hammata, ya ce, "Oga Habu, ai haɗa hakaton ba wani abu ba ne. Ɗaki ne, da wuta, da shinkafa." Na ce masa Allah ya ƙara basira, na wuce, don a lokacin ina neman wanda ya tafi da igiyar wutata. Amma maganar ta kwana mini a rai. Ku kun tarar da abin a dafe ne: a tara masu rubuta manhaja yini guda, a kasa su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya gina wani abu mai amfani kafin a tashi, a yi tafi, a ɗauki hoto. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Ni da na yi furfura a wannan aiki a garin Jos, har yau ba na cin abincin kirki ranar da muke da taro.

Ban fara da rubuta manhaja ba. Buga takardu nake yi a wani ɗan shago kusa da babbar kasuwa, ina buga wa ɗalibai aikin makaranta, ina buga wa zawarawa katin biki. Mai shagon, Mista Gyang, dattijo ne da ya taɓa aikin kwamfuta tun tana cika ɗaki. Shi ya lura ina leƙa bayansa idan yana aiki. Bai ce in zo in zauna ba. Takarda da biro ya ba ni, ya ce duk abin da nake so kwamfuta ta yi in fara yin sa da hannu, in bi shi layi-layi kamar ni ne injin. Na daɗe a haka kafin ya bar ni in taɓa tasa, wata tsohuwa mai fanka da ke kuka kamar injin markaɗe. Idan aka ɗauke wuta, abin da ba ka adana ba ya tafi ke nan, shi kuwa ko sannu ba zai ce maka ba.

Aikin da ya juya ni shi ne na wata mai makarantar kuɗi. Ta zo mana da jan ido, iyaye sun cika mata ofis, saboda takardun sakamako sun fito kowane yaro a aji ɗaya da makin lissafi iri ɗaya, daga mai ƙoƙari har wanda ba ya zuwa. Wanda ya rubuta mata manhajar ya koma Abuja, wayarsa ba ta shiga. Mista Gyang ya tura mini rubutun ya ce in nemo. Na bi, na bi, har na gano wani wuri guda da ake ajiye maki, kowane sashe na manhajar yana zuwa ya goge abin da ke ciki ya rubuta nasa. Yaron ƙarshe a jerin sunaye shi ya ba kowa makinsa. Da na nuna wa Mista Gyang sai ya cire tabarau ya ce, "To ka ga ciwon. Akwai mutanen da suka ce su sam ba za su yi rubutu haka ba."

Wannan ita ce hanyar da kuke kira fankshanal, kuna faɗa da ƙafafa kamar ku kuka ƙirƙiro ta. Asalinta ɗan abu ne. Ka rubuta ƙaramin aiki, wato fankshan, ka ba shi abu, ya dawo maka da amsa, bai taɓa komai a gefe ba, bai goge na kowa ba. In ka sake ba shi abin nan gobe, amsar jiya zai ba ka. Turawa suna kiran irin wannan fankshan da wata kalma mai nufin tsarki, mu ma sai muka ɗauka da wasa. In mutum ya rubuta abin da ke sa hannu a miyar maƙwabci, sai a ce masa, "Malam, wannan ba shi da tsarki, je ka wanko shi." Harshen da muke rubutu da shi, Haskell, shi kuma yana da mai gadi a ƙofa, kompaila, wanda ba ya karɓar na goro. Ka yi kuskure ƙanƙani ya ƙi ka, ya zubo maka jan rubutu, ka zauna kana zufa a sanyin Jos. Masu ba mu aiki ba ruwansu da duk wannan. Mai kantin magani so yake ya san abin da ya ƙare a kanta, dillalin dankali so yake ya san motar da ta tashi, kuma kowannensu jiya yake son aikinsa.

Da Mista Gyang ya tsufa ya koma ƙauyensu, sai na rasa wanda zan yi wannan hira da shi. Abin da ya sa na fara tara mutane ke nan, wata-wata, duk mai sha'awa ya zo. Nan na gane cewa a Jos nemo mutane ya fi nemo ɗaki sauƙi. Kowace unguwa tana da waɗanda suke shiga da waɗanda suke kewayewa, ba sai an gaya wa kowa ba. In na sa taro a nan, rabin mutanena ba za su zo ba, in na sa a can, ɗaya rabin su ce uwarsu ta hana. Rayfield kowa yana shiga, amma kuɗin mota ya fi ƙarfin yaran da na fi son su zo. Alhaji Tanimu ne ya fitar da ni. Dillalin katako ne da na taɓa yi wa aiki, yana da ɗaki a saman shagonsa a Katako, daf da babban titi, inda Bahaushe da Inyamuri suke sayar da falanki kafaɗa da kafaɗa. Ya ce mu hau mu yi ta yi. Garin katako yana shiga mana cikin madannai, kuma janareta ɗaya muke sha da injin zarto, da an tayar da shi fitilarmu ta yi ja. Duk da haka kowa yana zuwa, ni kuma abin da nake nema ke nan.

A wannan ɗaki na koyar da Nkechi. Ubanta, Oga Obinna, kayan gyaran mota yake sayarwa a Tina Junction, ita ke tsare masa shago tun da ta gama sakandare. Na je sa musu manhajar lissafin kaya, ta tsaya a bayana tana tambaya har ta gajiyar da ni. Na koyar da mutane da yawa, masu digiri da marasa shi, ban taɓa ganin kai irin nata ba. Abin da ya ɗauke ni shekara kafin ya zauna mini, ita sai ta ɗan motsa leɓe, ta ce, "Oga, ba haka ba ne?" kuma haka ne. Na ara mata wata tsohuwar laftop tawa. Sai da na yi sawu wajen uban kafin ya yarda ta riƙa zuwa Katako, kuma da sharaɗi ya yarda. Ya riƙe hannuna ya ce, "Oga Habu, yarinya na guda ɗaya ne, uwan shi ya mutu. Na ba ka amana. Amma ranan da na ji wani magana, ko ƙarami, ya gama. No vex." Na ce na ji, na karɓa. Tun daga ranar, duk taron da za mu yi da wannan magana nake tashi.

Sai muguwar shekara ta zo, wadda aka yi ta sa dokar hana fita ana cirewa. Aiki ya tsaya, don ba mai tunanin manhaja alhali yana tunanin hanyar da zai bi ya koma gida. Taronmu ya mutu na tsawon watanni. Da gari ya ɗan lafa sai muka ce mu tayar da shi da babban abu, hakaton na yini guda, a fara da safe a tashi kafin la'asar. Muka zaɓi aikin da zai amfani masu masaukinmu: manhajar da kafinta zai gaya mata abin da zai ƙera, ta jero masa guntayen da zai yanka a falanki ba tare da ɓarna ba.

Alhaji Tanimu ya daɗe yana yi mana tsiya cewa komai namu da Turanci muke rubutawa, 'yan kasuwa ba su san abin da ake yi a kansu ba. Kabiru, ɗaya daga cikinmu, magidanci mai shagon buga alluna, ya ce wannan karon da Hausa zai yi mana ƙyallen sanarwa, kyauta. Da sassafe ya zo ya rataye ƙyallen a barandar da ke kallon titi. Ni ta matattakalar baya na hau, ɗauke da igiyoyin wuta, ban ga komai ba. Muka rufe ƙofa da tagogi saboda ƙura da ƙarar zarto, kowa ya duƙufa.

Rukunin Nkechi, wanda Kabiru yake ciki, ya fi kowa nisa, amma wani abu ya tsaya musu a wuya. A hanyarmu, in za ka bi jerin abubuwa, kana ɗaukar na farko ne ka gama da shi, ka miƙa ragowar ga fankshan ɗin nan dai, haka har jerin ya ƙare. Nasu yana tafiya, kompaila bai yi gardama ba, amma amsar tana fitowa da giɓi, kuma sun rasa inda abin yake zuba. Ina tsaye a kansu ina dubawa sai na ji zarto ya tsaya. Ba na Alhaji kaɗai ba, na layin gaba ɗaya. Ba lokacin salla ba ne. Duk wanda ya zauna a Jos ya san irin wannan shiru. Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Alhaji Tanimu ne, hularsa a karkace, yana haki. Ya ja ni gefe ya ce, "Habu, tsakaninka da Allah, wace ƙungiya kuka kafa mini a kan shago?"

Na ce, "Alhaji, wace irin ƙungiya kuma?"

Ya ce, "Sauko ka gani da idonka."

Na sauka na ɗaga kai. Farin ƙyalle, manyan baƙaƙe: TARON MASU TSARKI. A tsakiya alamar nan tamu da kuke liƙawa a bayan laftop, mai kama da sanda da aka tokare da wata. A ƙasa an rubuta, ku zo ku shiga Haskell. Wasan da muke yi a tsakaninmu shekara da shekaru ne Kabiru ya ɗauka ya rataye a titi, da zuciya ɗaya. Mutane kuwa sun cika gaban shagon, masu katako, masu ɗaukar kaya, masu keke sun faka suna kallo. Ba wanda ya karanta Haskell, haske kowa ya gani.

Wani ya ce, "Wato mu ne marasa tsarkin?"

Wani ya ce, "Wane haske za a shiga? Wa ya aiko ku?"

Wani Inyamuri mai sayar da silin ya matso ya ce, "Tun safe ina gani. Mai hijabi ya hau, mai kuros ya hau, maza da mata, sun kulle ƙofa. Which kind church be this?" Wani Bahaushe a gefensa ya ce ai shi ma tambayar da yake yi ke nan, ba masallaci ba ne, ba coci ba ne, to mene ne. Ranar na ga ɓangarorin nan biyu, Musulmi da Kirista, sun haɗa baki a kan abu ɗaya, kuma abin mu ne. Ban ga laifinsu ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma ina kallon samarin da ke bayan taron, waɗanda ba sa magana, ina kallon tulin guntayen katako a kowane lungu, ina tuna matattakala biyu ne kawai kuma duk a idonsu suke. Sannan ina ganin wayoyi a sama, ana ɗaukar hoton ƙyallen. Tsoro biyu ne suka kama ni lokaci ɗaya: yadda zan sauko da 'ya'yan mutane lafiya, da kuma wayar Oga Obinna.

Allah ya sa Alhaji ya riga ya aika a kira mai unguwa. Dattijon ya zo, aka buɗa masa hanya, ya karanta ƙyallen a hankali ya ce, "Wane ne babbansu?" Na ce ni ne, ranka ya daɗe. Ya ce in yi bayani kowa ya ji. Na fara. Abin da nake koyarwa kullum, ranar na kasa haɗa shi. Na ce ba mutane ba ne masu tsarkin, lissafi ne. Wani ya ce, "Lissafi yana alwala ne?" Ba wanda ya yi dariya. Na ce alamar harafi ce ta wani tsohon rubutu, sai na ji an ce, "Kun ji ko, rubutun asiri." Duk kalmar da na fitar sai ta ƙara mini rami. Da na ga haka na ce, "Ranka ya daɗe, bakina ba zai iya ba. Ku hau ku gani, kai da duk wanda jama'a suka yarda da shi."

Ya zaɓi mai silin ɗin nan da wani limamin layi. Na riga su hawa da gudu na ce wa yara a buɗe tagogi duka, kowa ya zauna inda yake, hannu a kan tebur, kada wanda ya ɗaga waya. Kabiru ya tsaya jikin bango kamar an zare masa laka. Baƙin suka shigo suna dube-dube, liman har ya ɗaga labule ya leƙa bayansa. Ba su ga komai ba sai igiyoyin wuta da kular shinkafa. Mai unguwa ya ce to a nuna masa aikin tsarkin. Na dubi ɗakin, kowa ya sunkuyar da kai. Nkechi ce ta juyo da laftop ɗinta ta ce, "Baba, ka faɗi abin da kake so kafinta ya yi maka. Zai gaya maka katako da za a yanka."

Ya ce, "Tebur."

Ta buga. Ni na san manhajar nan ba ta da lafiya. Amsa ta fito, ta karanta da ƙarfi: saman tebur ɗaya, sandunan gefe, ƙafa uku.

Mai unguwa ya ce, "Ƙafa nawa?"

Ta ce, a hankali, "Uku, Baba."

Mai silin ne ya fara fashewa da dariya, ya riƙe ciki. Liman ya bi shi. Mai unguwa ya girgiza kai ya ce, "Tun safe kun kulle ƙofa, kun tayar wa kasuwa hankali, a kan tebur mai ƙafa uku?" Ya fita baranda ya ce wa jama'a su watse, 'yan makarantar kwamfuta ne, ko tebur ba su iya ba balle addini. Dariya ta bi layin. Ya sa aka yanke ƙyallen a gabansa, ya ce mu tattara mu tafi yanzu, biyu-biyu, kada mu fita a tare. Ina tsaye a ƙasan matattakala har na ga bayan na ƙarshe, sannan na ji an tayar da zarto. Na zauna a kan wani falanki.

Nkechi ni na ce zan kai ta da kaina. Muka shiga keke. Hanyar nan daga Katako zuwa Tina Junction ban taɓa jin tsawonta kamar ranar ba. Addu'a nake yi a zuci Allah ya sa hoton bai riga mu ba, in samu in gaya wa uban da bakina, tare da dariyar da aka ƙare da ita. Ita kuwa ta rungume laftop, leɓenta yana motsi. Na ɗauka addu'a take yi ita ma.

Tun daga nesa na hango Oga Obinna tsaye a bakin titi, ya bar shago a buɗe, waya a hannu. Magana zarar bunu ce. Hoton ya iso, kuma ba shi kaɗai ya zo ba, an ɗora masa rubutu a ƙasa cewa an kama ƙungiyar asiri a Katako tana jan 'ya'yan mutane. Bai yi ihu ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya dubi 'yarsa sama da ƙasa, ya ga lafiyarta ƙalau, ya juyo gare ni.

Na ce, "Oga Obinna, ka ba ni minti biyu in gaya maka yadda aka yi. Kalma ce kawai, kuskuren..."

Ya ce, "Na sani. Na yarda da kai, kai ba mugu ba ne. Amma in da sun sa wuta, kalma ne zai kawo mini shi?"

Na shiga roƙo. Na ce za mu canza wuri, na ce ni zan riƙa zuwa in ɗauke ta in dawo da ita, na ce yarinyar nan in aka bar ta za ta wuce mu duka. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Mun yi magana tun farko, Oga Habu. Nkechi, ba shi kayan shi."

Ta goge murfin laftop ɗin da gefen rigarta ta miƙo mini. Ba ta yi kuka ba. Da uban ya juya wajen wani mai neman birki, sai ta matso ta ce, "Oga, na gane a cikin keke. Mun ce ya tsaya in jerin ya rage guda ɗaya. Sai ya zama babu komai ne ya kamata ya tsaya. Shi ya sa yake cinye na ƙarshe. Ka gaya wa su Kabiru." Ta shiga shago ta ɗauko wa mutumin birkinsa.

Na koma wajen uban bayan nan, har da Alhaji Tanimu na taɓa ɗauka muka je tare. Ya karɓe mu da mutunci, ya sayo mana lemo, bai canza ba. Laftop ɗin kuwa na daɗe ban iya buɗe ta ba, baƙin ciki ya hana ni. Ranar da na buɗe, na je daidai inda ta ce, na canza layi ɗaya, na buga tebur. Ya fito da ƙafa huɗu.